Yadda Ake Hana Ƙanƙara Datse Ruwa a Bakin Rufin Gida Lokacin Hunturu

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke kwana a kan rufi makonni da dama, irin su Kanada da arewacin Amurka da Suwidin, ba kasafai yoyon hunturu ke zuwa daga hujin rufi ba. Zafin cikin gida ne ke haurawa sararin da ke tsakanin silin da rufi, ya ɗumama tsakiyar rufin har ya wuce digiri 0 na ma'aunin Salshiyos, sai dusar ta narke daga ƙasa, ruwan ya gangara zuwa bakin rufi. Shi kuwa bakin rufi ya zarce bango, babu ɗumin da ke isa gare shi, don haka ruwan yake daskarewa a nan ya zama shinge. Ruwan da ya biyo baya sai ya taru, ya kutsa ƙarƙashin fale-falen rufin, ya jiƙa silin da bango, daga baya fumfuna ta biyo. Ke nan maganin shi ne a bar rufin da sanyi tun daga ƙololuwa har baki, kuma akasarin aikin a cikin gida ake yin sa, tun kafin sanyi ya kankama.

Abin da ya kamata a fara da shi, wanda kuma a ganina ya fi komai muhimmanci, shi ne toshe kafofin da iska mai ɗumi ke bi. A hau saman silin da tocila, a ɗaga audugar tare zafi, wato abin da ake shimfiɗawa a kan silin don hana ɗumin ɗaki fita, a duba. Duk inda aka ga ta yi baƙi-baƙi kamar an shafa mata toka, to iska ce ta daɗe tana ratsa wurin tana barin ƙura. Galibi ana samun haka a kewayen fitilun da aka binne cikin silin, da inda wayoyi da bututun ruwa suka huda katako, da kan bangon da ya raba ɗakuna, da murfin ƙofar hawa saman silin. Ƙananan kafofi a cika su da kumfar toshiya, murfin kuma a zagaye shi da roba. Kewayen bututun hayaƙi dabam ne, domin kumfa na iya kama wuta. A nan farantin ƙarfe ake sa wa, a liƙe da abin da ke jure zafi. Haka nan a tabbatar fankar banɗaki da ta kicin suna fitar da tururinsu waje ne, ba cikin saman silin ba, kuskuren da ake yawan tararwa har a gidajen da aka gina da kyau. Idan gidan na ɗumama da gas ko mai, a sa ƙwararre ya gwada fitar hayaƙi bayan an gama toshiyar.

Sai bayan wannan ne ake ƙara audugar tare zafi, domin ita ba ta hana iska wucewa. A yankunan Amurka masu tsananin sanyi ana ba da shawarar ta kai R-49 zuwa R-60 a ma'aunin ƙarfin tare zafi, wato kaurin da ya kai kimanin santimita 40 zuwa 50. Kada a bar ta ta rufe kafofin iska na ƙarƙashin bakin rufi. A sa 'yan faifai tsakanin katakan rufin, su bar ratar kamar santimita 5, yadda iska mai sanyi za ta shiga ta ƙasa ta fita ta ƙololuwa. Wanda zai sake rufi kuwa, ya shimfiɗa ledar roba mai manne kanta daga baki har ta wuce layin bangon waje da aƙalla santimita 60. Ba ta hana shingen samuwa, amma tana hana ruwan shiga.

Idan hunturu ya riga ya shigo, a nemi manjagarar rufi mai dogon hannu, a riƙa janye dusar da ke kan mita ɗaya na bakin rufi bayan kowace zuba mai yawa. Ana yin haka ne daga ƙasa, ba a kan tsani ba, kuma a kula da wayoyin lantarki. In shingen ya riga ya kafu, a cika doguwar safa da sinadarin kalsiyam kilorayid mai narkar da ƙanƙara, a gitta ta a kansa bakinta na leƙa indararo, za ta narkar da hanya ruwan ya samu mafita. Gishirin da ake zuba wa tituna don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe yana kuma kashe shukokin da ke ƙasa, saboda haka a guje shi. Gatari da guduma ma haka, domin fale-falen da suka daskare nan da nan suke tsagewa. Shingen da ya yi kauri sosai aikin masu narkarwa da injin tururi ne. Wayar ɗumama bakin rufi tana da amfani a kusurwar da ta gagara gyara, sai dai tana shan lantarki, kuma dole a kunna ta kafin ƙanƙarar ta taru.