Yadda ake gyara maburgin maganaɗisu na haɗin gida idan ya fara gardama

Wani ƙanena mai haɗa turare a Agege ya kawo mini nasa maburgin, wato na'urar da ke juya ruwa a cikin kwalba da ƙarfin maganaɗisu, ranar Asabar, ransa a ɓace. Ya sayi fankar kwamfuta mai bolt 12 a Computer Village da ke Ikeja, ya liƙa mata maganaɗisu biyu, ya kifa mata akwatin roba. Fanka tana juyawa lafiya lau, amma da ya ƙara gudu sai ɗan farin tsinken da ke cikin kwalba ya yi tsalle ya koma gefe yana karkarwa. Har ya sauya adafta sau biyu. Na ce masa, "Ƙanena, ƙyale wutar nan, ba ita ce mai laifi ba."

Yawancin matsalar wannan na'ura daga zaman maganaɗisu take. Tsinken nan mai kama da kafso shi ma maganaɗisu ne da aka lulluɓe da Teflon, wata irin roba mai santsi, kuma bin na ƙasa kawai yake yi. Da riƙon ya yi rauni sai ya kuɓuce. Don haka ka ajiye turarenka tukuna, ka zuba ruwa zalla rabin kwalba, ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Kada ka gyara abu biyu a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi magani ba.

Fara da fuskokin maganaɗisu. Dole ɗaya ya kalli sama da fuskar arewa, ɗayan da fuskar kudu. Cire murfi, ka ɗora tsinken a kansu fanka tana kashe. In ya kwanta miƙe, kowane kai a kan maganaɗisu guda, ka dace. In kuwa kai ɗaya ya manne, ɗayan yana gocewa, to fuska ɗaya suka nuna sama, sai ka ɓamɓare guda ka juya shi. Wanda ya ciro nasa daga tsohuwar ma'adanar bayanan kwamfuta, wannan lanƙwasasshen, guda ɗaya ya ishe shi, domin fuskokin biyu duk a gefe guda suke.

Sai tazara, kuma a nan na ƙanena ya ɓaci. Ya liƙa nasa can bakin da'irar fanka, alhali tsinkensa bai wuce santimita biyu da rabi ba. Nisan da ke tsakanin maganaɗisun biyu ya kamata ya yi daidai da tsawon tsinken. Auna tsinken da rula, ka sa ɗigo a tsakiyar fanka, ka raba tsawon biyu, rabi dama rabi hagu. Kafin ka sa gam, riƙe su da salatif ka gwada. In tsakiyar ta kauce ko da kaɗan ne, za ka ji akwatin yana rawa a kan tebur, tsinken kuma yana bugun gilashi ƙwas-ƙwas. Ni ba na sa gam sai na ga ruwa ya yi rami a tsakiya na tsawon minti biyar ba tare da tsinke ya tsere ba.

Na uku, ratar da ke tsakanin maganaɗisu da gindin kwalba. Ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri da zarar an ɗan yi nisa. Ɗaga fankar da noti a jikin ƙusoshinta har maganaɗisun ya kusa taɓa murfi, amma kada ya goga. Murfin ya zama siririyar roba ko katako maras kauri. Na ƙarfe yana shanye ƙarfin. Duba kwalbar ma. Yawancin kwalaben lemo da na zuma gindinsu a tashe yake daga ciki, tsinke ba ya samun wurin zama. Nemi mai shimfiɗaɗɗen gindi.

In fankar ce ta ƙi tashi gaba ɗaya, ko sai an tura ta da yatsa, akwai abu biyu. Ita kanta fankar tana da maganaɗisu a cikinta, naka kuma yana iya danne shi idan ka liƙa kai tsaye. Sa murfin gorar ruwa ko woshar ƙarfe a tsakani. Abu na biyu shi ne wuta: cajar waya bolt 5 take bayarwa, ba lallai ta tada fanka mai bolt 12 da aka ɗora wa nauyi ba. Auna da mita. A fanka mai waya uku, ja ce ta wuta, baƙa ta dawowa, rawaya kuma ta ƙidayar gudu ce, naɗe ta ka bar ta.

Maganar abin rage gudu, wanda masu gyaran rediyo ke kira bolum: in ka haɗa ƙaramin bolum kai tsaye da fanka, zai yi zafi har ya yi ƙauri. Haɗa shi da LM317, wata 'yar na'ura mai daidaita ƙarfin wuta, ko ka sayi ƙaramin allon PWM mai sarrafa gudun fanka a kasuwar Alaba. LM317 yana cinye kusan bolt biyu kuma yana ɗaukar zafi, don haka a ɗaura masa ɗan faranti na alminiyam. Kullum ka fara a hankali, ka bari tsinken ya kama, sannan ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Danshin Legas ma ba ya raga wa maganaɗisun niyodimiyam. Da fatar nikel ɗinsa ta tsage sai tsatsa ta shiga, ya fara marmashewa. Shafe shi da gam ko man farce. Kada kuma ka ɗora ruwa mai tafasa, domin irin da aka saba sayarwa yana fara rasa ƙarfi idan zafi ya haura digiri 80.

Da muka matso da maganaɗisun ƙanena muka ɗaga fankar, ruwa ya yi rami har kusa da gindi. Turaren fesawa yanzu yana haɗuwa sarai. Humra mai kauri da sabulun ruwa kam na ce masa ya ci gaba da juya su da muciya, fankar kwamfuta ba ta da ƙarfin jan su.