Yadda Ake Ba Ɗan Uwa Hayar Gida a Amurka Ba Tare da Haraji Ya Cuce Ka Ba

Mutum yana da gida na biyu a Amurka, ƙanwarsa ko mahaifiyarsa na neman wurin zama. Abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya ce, "Shiga kawai, ki riƙa ba da abin da ya sawwaƙa." Niyya ce mai kyau, hukumar haraji ta IRS ma ba ta hana ba. Sai dai tana da nata lissafin, kuma wanda bai san shi ba yakan wayi gari ya biya haraji a kan ɗan kuɗin da ya karɓa, alhali an hana shi cire ko kwabo daga abin da ya kashe wa gidan.

Fara da sanin waɗanda doka ta ɗauka a matsayin iyalinka. Sashe na 280A na dokar harajin tarayya shi ke magana a kan wannan, kuma waɗanda ake nufi su ne mata ko miji, iyaye da kakanni, 'ya'ya da jikoki, da 'yan uwan da kuka haɗa uwa ko uba. Duk ranar da ɗaya daga cikinsu ya kwana a gidan, ana lissafa ta kamar kai ne ka kwana, sai in sharuɗɗa biyu sun cika tare: yana biyan hayar da kasuwa ta yarda da ita, kuma gidan ne ainihin mazauninsa. Ɗanka da ke zuwa hutu yana biyan cikakken kuɗi bai cika sharaɗi na biyu ba. Kawu, ɗan baffa da suruki ba sa cikin jerin, amma kada hakan ya ruɗe ka, domin ko bare ne, muddin ƙasa da farashin kasuwa yake biya, kwanakinsa naka ne a idon hukuma.

Me ya sa kwanakin nan suke da nauyi haka? Idan suka wuce 14 a shekara, ko kashi 10 cikin 100 na kwanakin da aka ba da gidan haya a farashin kasuwa, duk wanda ya fi yawa, gidan ya koma mazauninka a takarda, ragin da ake yi wa masu ba da haya, wato cire abin da suka kashe wa gidan kafin a yanka haraji, kuma ya taƙaita. In ɗan uwan ya shekara cur a kan haya mai rahusa, ragin ya tafi gaba ɗaya.

Ga misali. Hayar gida irin naka a unguwar dala 1,500 ce a wata, kai kana karɓar 600 daga ƙanwarka. A shekara ka tara 7,200, kuma dole ka bayyana su a matsayin kuɗin shiga. Inshorar gidan, gyaran famfo, fentin da ka yi, babu wanda za ka cire. Abin da ya rage maka shi ne kuɗin ruwan bashin gidan da harajin kadara, su ma a Schedule A, takardar da ake jera ragin harajin mutum na kansa, idan kana cikin masu lissafa ragi ɗaya bayan ɗaya kuma ka cika ƙa'idojinsu. Asarar da ta fi ciwo ita ce ragin tsufan gini. Doka ta yarda a raba darajar ginin haya, ban da filin da yake kai, a kan shekara 27 da rabi. Ginin dala 275,000 ke nan yana rage maka 10,000 duk shekara daga kuɗin da za a yanka wa haraji, ba tare da ka fitar da komai daga aljihu ba. Rahusar da ka yi ta share wannan.

To, in kana son ragin, sai ka nemo farashin kasuwa tun kafin a miƙa makulli. Duba tallan gidaje uku ko huɗu a unguwar, masu yawan ɗakuna da girma irin naka, ka ɗauki hotonsu da kwanan wata a jiki ka adana. In ka samu dillalin gidaje ya rubuta maka ƙiyasinsa, ya fi. Shekara biyu nan gaba tallan nan sun ɓace daga intanet, kuma hukuma ba za ta karɓi "haka na ji ana yi" ba. Maimaita binciken duk lokacin sabunta yarjejeniya, saboda haya tana tashi, farashin da ya yi daidai bana yana iya zama rahusa baɗi.

Akwai ɗan sarari na sassauci. A 1983 Kotun Haraji ta amince da rahusar kashi 20 cikin 100 a kan farashin kasuwa ga wani da ya ba iyayensa haya, bisa hujjar cewa ɗan haya amintacce yana rage wa mai gida wahala da kashe kuɗi. Hukuncin shari'a ɗaya ne, ba ƙa'idar da ta hau kan kowa ba, don haka ni ina ganin tsayawa kusa da kashi 10 ya fi kwanciyar hankali.

Daga nan sai rubutu. Na san da nauyi mutum ya ajiye wa mahaifiyarsa takarda ya ce, "Mama, sa hannu a nan." Ka yi mata bayani cewa hukuma ake rubuta wa, ba don rashin yarda ba. Yarjejeniyar ta faɗi kuɗin haya, ranar biya, tsawon zama, da wanda zai biya wuta da ruwa. Kuɗin su bi ta banki kowane wata. Idan ɗan hayar ya biya mai gyara dala 300 ya cire daga haya, ka rubuta cikakkiyar hayar a matsayin kuɗin shiga, sannan ka cire 300 ɗin a matsayin gyara. Hayar da aka biya gaba ana lissafa ta a shekarar da ta shigo hannu, amma kuɗin ajiyar da za ka mayar in an tashi ba kuɗin shiga ba ne.

Wata dabara da mutane ke yi ita ce su karɓi cikakkiyar haya, washegari su mayar da rabi da sunan kyauta. Ka guje ta. Mai bincike zai jera takardun banki ya ga kuɗi sun shiga ran 1 ga wata sun fita ran 2, ya yanke cewa rahusa ce aka sauya wa suna. Kyauta ta gaskiya, wadda ba a ɗaure ta da haya ba, tana da hanyarta: a 2025 mutum na iya ba wani har dala 19,000 ba tare da cike fom 709, takardar harajin kyauta, ba.

Lokacin cike takardu, haya da kashe-kashenta suna shiga Schedule E na fom 1040, takardar harajin shekara ta mutum. Idan lissafi ya nuna faɗuwa, kuma kai ke kula da gidan da kanka, kana iya cire faɗuwar, har dala 25,000, daga sauran kuɗin shigarka. Damar tana fara raguwa da zarar kuɗin shiga ya haura 100,000, ta ƙare a 150,000. Ka kuma sa a ranka cewa ranar da ka sayar da gidan, ragin tsufan ginin zai dawo a yanka masa harajin da zai iya kai kashi 25 cikin 100, ko ka riƙa cirewa ko ba ka cire ba.

Idan kuwa ɗan uwan ba shi da ƙarfin biyan farashin kasuwa, zauna ka auna barin sa ya zauna kyauta. Babu kuɗin shiga da za ka bayyana, babu ragin haya da za ka nema, sai dai ka sa ido ko darajar zaman ta wuce iyakar kyauta ta shekara. Jihohi da yawa suna da nasu harajin kuɗin shiga, saboda haka kai wa akanta lissafin hanyoyin biyu ya gwada maka su a kan alƙalumanka kafin a shigo da kaya.