Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Tsohon Soro Ka Kuma Cire Azararsa

Masu tambaya sun yi yawa, to ga yadda ake yi. A bari sai rani, don da damina katanga a jiƙe take.

1. Nemi izinin magada tukuna. Kango ma da mai shi, kuma rigimar gado ba ta da daɗi.
2. Je da hantsi ko bayan la'asar. Hasken da ya zo ta gefe shi ke fito da zayyanar ƙofar zaure, tsakar rana kuwa shafe ta take yi.
3. Ɗauki ginin gaba ɗayansa daga nesa.
4. Matso kusa ka ɗauki zanko (tsinin adon da ke saman gini), da indararo, da inda makuba (shafen bayan katanga) ta ɓare.
5. Ɗauki rufin daga bakin ƙofa.

Hattara: in rufin ya yi ciki, kada ka shiga. Babu hoton da ya kai ranka.

6. Kira magini ya duba. Kuɗinsa ba asara ba ne.
7. Sa safar hannu, saboda kunama da sartsen giginya, wadda da ita ake yin azara.
8. Kwashe ƙasar rufin daga sama.

A nan ake yin ganganci. Kada ka zare azara ko ɗaya da ƙasa a kanta, musamman ta jikin baka, wato lanƙwasar da ke ɗauke da rufin. Ita ke riƙe da sauran.

9. Sauke su ɗaya bayan ɗaya.
10. Ƙwanƙwasa kowace. Gara ba ta cika cin giginya ba, amma bakin da ya daɗe cikin katanga yakan ruɓe, sai a yanke shi.
11. Jera su a inuwa bisa duwatsu, kada su taɓa ƙasa.