Yadda za a kare gashi da rininsa daga ranar Kano

Duk wadda ta taɓa rina kai a watan Afrilu ta san yadda abin yake ƙarewa. Ba a kai sati uku ba, baƙin ya fara komawa ja-ja kamar atamfar da aka manta a kan igiya, bakin gashin ya yi kaushi, in an sa mataji sai a ji ƙas-ƙas yana karyewa. Mai gyaran kai ake fara ɗora wa laifi, ko a ce rinin jabu ne. Wani lokacin haka ɗin ne, amma sau da yawa aikin rana ne.

Za a ce ai mu nan kanmu a rufe yake, ina rana za ta same shi? Tana samunsa a tsakar gida ranar wankin kai, lokacin da aka zauna kan tabarma ana jiran ya bushe. Tana samun gashin gaban goshi da ɗankwali ya zame ya bari. Tana ratsa siririn gyale. Maza kuwa hula tsakar ka kawai ta rufe, ƙeya da saje da gemu suna waje wuni guda.

Abin da rana take yi wa silin gashi

Kowane sili yana da ɓawo a waje, jere wani kan wani kamar kwanon rufi. A ciki akwai keratin, wanda shi ne ƙarfin gashin, da melanin, wanda shi ne baƙinsa. A cikin hasken rana akwai wanda ido ba ya gani, ana ce masa UV, kuma kala biyu ne suke iso mana. UVB ya fi cin keratin, shi ke sa gashi ya yi rauni ya dinga tsinkewa. UVA ya fi shiga ciki, shi ke kashe launi. Baƙin gashi na halitta yana da nasa garkuwar, domin melanin yana shanye hasken kafin ya yi ɓarna. Shi ya sa baƙin gashi ya fi mai haske jure rana. Matsalar tana farawa ne in an taɓa wannan garkuwa. Rinin kanti mai daɗewa yana zuwa da ruwan haɗi na peroxide, wanda ke ɗaga ɓawon, ya rushe wani sashe na melanin, ya zuba launin roba a gurbinsa. Launin roba ba shi da juriyar na halitta, kuma ja da ruwan zuma su ne kan gaba wajen koɗewa. In kuma an sa rilaksa a kan haka, an karya igiyoyin da ke riƙe keratin ɗin kansa. Gashin da ya sha biyun nan, rana ba ta wahala a kansa.

Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta rana kan tsaya cak a tsakar ka. A lura da Agusta: zafi daban, UV daban. A bazara da ma'aunin zafi ke kai digiri 40 kowa yana gudun rana da kansa, amma a damina garin ya yi luf, sai a saki jiki, alhali siririn gajimare ba ya tare hasken. Ma'aunin da ba ya buƙatar na'ura shi ne inuwar mutum. In inuwarki ta fi ki gajarta, ranar mai cin gashi ce. Kusan daga ƙarfe goma na safe zuwa la'asar ke nan.

Yadi ne kariya ta gaskiya

Babu man da ya kai yadi mai kyau. Kafin a sayi mayafi ko ɗankwali a Kantin Kwari, a ɗaga shi sama a kalli haske ta cikinsa. In ana ganin ɗigo-ɗigon haske, ko ana iya gane yatsu ta bayansa, UV ma zai wuce. Saƙa mai matsi ta fi sako-sako, launi mai duhu ya fi fari tarewa, kuma yadin da ya jiƙe da gumi ya fi busasshe barin haske ya ratsa. Gyalen shifon ado ne, a ɗora shi kan ɗankwalin atamfa ko hular ciki.

Sai dai atamfa da auduga suna da nasu aibin. Suna tsotse man kai, kuma gogarsu tana cinye gashin gaban goshi. Maganin wannan shi ne shafi biyu: satin a ciki yana taɓa gashi, yadi mai kauri a waje yana tare rana. Rabin yadi na satin ya isa tela ya fitar da hular ciki biyu. A ce masa kada ya sa roba mai matsewa a baki, ya yi ta da igiyar ɗauri a baya, domin robar nan ita ke share gaban goshi a hankali. Biyu aka ce don a dinga canzawa, a wanke duk bayan kwana biyu ko uku. Hular da ta sha gumi da mai ta kwana a kai, ƙaiƙayi da amosani take jawowa. Kuma kada a rufe jiƙaƙƙen kai. Bayan wanka, kitso yana iya bushewa a sama cikinsa da sauran ruwa, in aka sa hijabi a haka aka shiga zafi, warin da ke biyo baya kowa ya san shi.

Ranar rini da kwana ukun da ke biye

Nan ne aka fi yin kuskure. A yi rini da yamma, bayan la'asar, yadda za a wuce gida ba tare da an bi ta rana ba. Awa 48 kafin nan a ɗiga kaɗan a bayan kunne a bari, in wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi ko ƙuraje a haƙura da wannan rinin. A duba lambar ruwan haɗin: akwai 10, 20, 30 da 40. Lamba 20, wato kashi 6 cikin ɗari na peroxide, ta isa rufe furfura. 30 da 40 na haskaka gashi ne, kuma su ne suka fi barinsa a buɗe. A bi mintunan da aka rubuta a kwali. Ƙara lokaci ba ya ƙara wa launi daɗewa, ɓawo kawai yake ci. Tsakanin rilaksa da rini a bar aƙalla sati biyu, rilaksa a fara. Haskaka gashin da ya sha rilaksa kuwa, mai gyaran da ta san aikinta za ta ƙi yi ko an matsa mata.

Bayan rini a bar kan kwana biyu zuwa uku ba shamfu, kuma kada ya ga rana ko kaɗan.

Lalle ya fi rinin kanti jure rana nesa ba kusa ba. Sinadarin da ke cikinsa, lawsone, manne wa keratin yake yi, ba ya rushe melanin. Garin lalle gram 100 ya isa gashin da ya kai kafaɗa, mai yawan gashi ta ƙara rabi. A kwaɓa da ruwan ɗumi ko ruwan shayi har ya yi kaurin kunun gyaɗa mai nauyi, a rufe da leda. A zafin bazara awa biyu zuwa uku ya isa ya saki launi, da hunturu sai ya kai shida. Kada a ajiye kwaɓin a rana don ya yi sauri, zai saki launin ya mutu kafin ya hau kai. A gwada da ɗigo a tafin hannu, in minti biyar ya bar ruwan lemo, ya yi. A shafa, a ɗaure da leda, a bar shi awa biyu zuwa huɗu a cikin ɗaki. Launin yana ci gaba da nuna har kwana uku, don haka jan da aka gani ranar farko ba shi ne na ƙarshe ba.

Lallen gaskiya ba ya baƙi. Duk garin da aka ce lalle ne ya baƙanta gashi cikin rabin awa, to da dayis a ciki, galibi sinadarin PPD, wanda kan kumbura wa wasu fuska da fatar kai. Mai son launi mai duhu ta bi lalle da garin ganyen baba, a kwaɓa shi da ruwa zalla a shafa cikin minti ashirin, domin shi ba ya jira. Baba ya fi lalle saurin koɗewa, sai an sabunta. Wadda kanta ke da tsohon rinin kanti kuma tana son komawa lalle, ko akasin haka, ta tara gashin da mataji ya kwaso ta gwada a kansa tukuna, don wasu garin lallen na kwali ana haɗa su da gishirin ƙarfe da ba ya shiri da peroxide.

Lemon tsami kuma a kiyaye shi. Ana yawan matsa shi a kai don amosani, to in ya haɗu da rana haskaka gashi yake yi ya busar da shi, kuma yana iya ƙona fatar da ya taɓa.

Wanki da mai

Kowane wanki yana tafiya da ɗan launi, saboda haka sau ɗaya a sati ko kwana goma ya wadatar, da ruwa mai sanyi ko ɗumi kaɗan. Sabulun salo da sabulun wanki da duk abin da aka sa wa kanwa suna buɗe ɓawon gashi. A kan da ba a rina ba wannan da sauƙi, a rinanne kuwa ƙofa ce aka buɗe wa launi ya fice. A nemi shamfu da aka rubuta na rinannen gashi ne, a bi da kondishina kowane wanki. Karkashi ma yana aiki sosai: cokali biyu na garinsa a kofi biyu na ruwan ɗumi, a bari minti goma sha biyar ya yi yauƙi, a tace, ba kanwa. Yana warware gashi ba tare da ya kwashe mai ba.

Ruwan ma abin dubawa ne. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana ɗauke da ma'adinai, alamarsa sabulu ya ƙi kumfa, ko a ga fari-fari a gindin buta. Ma'adinan suna zama a jikin sili, kuma irin su tagulla da ƙarfe suna ƙara wa rana saurin cin launi. A ɗauraye ƙarshe da cokali ɗaya na kal, wato binega, a kofi biyu na ruwa, sau ɗaya a sati biyu. Fiye da haka bushewa zai kawo.

A busar da kai a inuwa, a zaure ko ƙarƙashin rumfa ko gaban fanka, bayan an matse ruwan da tsohuwar rigar auduga mai laushi. Jiƙaƙƙen gashi ya fi rauni, shanya shi a rana kuma shi ne al'adar da ta fi kowace yi wa rini illa a gidajenmu.

Mai ba ya jiƙa gashi, kulle danshin da ya tarar yake yi. Don haka ruwa ne farko, a fesa kaɗan, sannan mai. A narkar da cokali uku na man kaɗanya a kan tururin ruwan zafi, ba kan wuta kai tsaye ba, a zuba cokali ɗaya na man kwakwa da ɗaya na man zaitun, a juya har ya huce. Man kwakwa yana cikin 'yan mayukan da ke shiga cikin sili su rage zubar keratin lokacin wanki. A raba kai gida huɗu, kowane gida kamar ƙwayar gyaɗa biyu, a fi ba bakin gashi. In an labta da yawa, musamman da hunturu, ƙura ce za ta manne, a dawo ana yawan wanki, launi ya tafi. Kuma kada a ɗauka mai ya maye gurbin ɗankwali, abin da yake tarewa na UV kaɗan ne ƙwarai.

Kitso yana taimakawa domin yana ɓoye bakin gashi, amma tsagarsa fata ce tsirara. Yara mata masu wasa a waje ba ɗankwali, da masu sanƙo, da zabiya musamman, a shafa musu man kariyar rana mai lamba SPF 30 ko sama a wurin, a maimaita bayan awa biyu in ana waje.

Alhajin da ke sa wa gemu lalle, dokar ɗaya ce: ya sa da dare, ya bar sabulu kwana biyu, ya ɗan murza man zaitun ɗigo uku bayan alwalar asuba. Mai wuni a kan babur ko a bakin rumfar kasuwa ya san hula ba ta yi wa gemu inuwa. Malafa tana yi, rawani ma yana yi.

In ɓarnar ta riga ta faru

Gashin da ya fito daga fata ba ya warkewa. Stimin da kondishina mai kauri, minti ashirin a ƙarƙashin leda sau ɗaya a sati biyu, yana kwantar da ɓawon ya rage karyewa, amma bakin da ya tsage sai almakashi. Gashi yana tsawo kusan santimita ɗaya a wata, ke nan bakin gashin da ya kai kafaɗa ya ga bazara biyu ko uku. A datse santimita ɗaya duk wata uku da almakashi mai kaifi da ba a yanka yadi ko takarda da shi, don dakusasshe murƙushe silin yake ya sake tsagewa. In launi ya koɗe, kada a sake bin kan gaba ɗaya da rini mai peroxide. A rina sabon tsiro kawai, sauran tsawon a farfaɗo da shi da rinin wucin gadi marar ruwan haɗi, irin wanda ke fita bayan 'yan wanki.