Darasi na 9: Baƙo a ƙauyen Faransa idan sanyi ya fara janyewa

A ƙasar Hausa manomi ruwan sama yake jira kafin ya ɗauki sungumi. A karkarar Faransa ruwa ba ya wuya. Abin da ake jira shi ne sanyi ya saki ƙasa. Baƙon da bai gane wannan ba yakan yi asarar shukarsa ta shekarar farko.

Lokacin da suke kira printemps yana farawa wajen 20 ga Maris. Mukan fassara shi da bazara, amma kada sunan ya ruɗe ka, ba zafin bazarar gida ba ne. Da rana za ka iya tuɓe rigar sanyi, da asuba kuma ka tarar raɓa ta daskare a kan ciyawa fari fat.

Fara da agogo. A daren Lahadin ƙarshe ta watan Maris, ƙarfe 2 na dare yakan koma ƙarfe 3. Duk tsawon hunturu lokacin Faransa ɗaya ne da na Kano da Damagaram, daga wannan dare kuwa ta wuce su da awa ɗaya har ƙarshen Oktoba. Waya tana gyara kanta, agogon bango sai ka sa hannu. Sabunta jadawalin salla ma, domin asuba tana matsowa, magariba tana nisa kullum.

Reno a cikin ɗaki

Tumatir da tattasai da attaruhu da kuɓewa ba sa jure daskarewa ko ta dare ɗaya. Shi ya sa a ɗaki ake renon su. Sayi ƙasar reno ta buhu, ka cika ƙananan tukwanen roba masu huda a gindi. Tattasai da attaruhu su ne na farko, tun ƙarshen Fabrairu, don suna son zafi kamar digiri 25, kuma sukan yi mako 2 zuwa 3 kafin su tsiro. Tumatir a tsakiyar Maris: zurfin rabin santimita, zafin digiri 20, cikin mako guda za ka gan shi. Ajiye su a tagar da ke duban kudu. In ka ga tsiron ya yi tsawo siriri yana sunkuyawa, haske ne ya yi masa kaɗan, zafi ya yi yawa. In kuwa ya ruɓe daga gindi ya kwanta, ka cika masa ruwa.

Kuɓewa tana da nata hali. Jiƙa irin ya kwana, ka shuka ƙwaya 2 a kowace tukunya cikin Afrilu, daga baya ka cire mai rauni. Ba ta son a taɓa saiwarta, don haka da ƙasarta gaba ɗaya ake dasa ta. A kudu, wajen Toulouse ko Montpellier, tana yi a fili. A arewa in ba a cikin rumfar leda ba, wahalar banza ce. Irin ma ka nema a can: tun Disamban 2019 dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da irin shuka daga waje ba tare da takardar shaidar lafiyar tsiro ba.

Yaushe za a fitar da tsiron da aka rena a ɗaki? Tsofaffin ƙauye za su ce maka ka bari 11 da 12 da 13 ga Mayu su wuce, kwanakin da suke kira saints de glace. Al'ada ce, amma akwai gaskiya a cikinta. A ƙarshen Maris na 2021 an yi ɗumi bishiyoyi suka yi fure, sai sanyi ya dawo a Afrilu ya ƙone gonakin inabi da na 'ya'yan itace a sassa da yawa na ƙasar. Kwana 10 kafin dashe, riƙa fitar da tukwanen awa 2 a inuwa, kana ƙarawa kullum. Tsiron da aka ɗauko daga ɗaki aka dasa kai tsaye, rana takan babbake ganyensa. Bar santimita 50 tsakanin tumatir, ka kafa masa sanda, ka zuba ruwa a gindi. Jiƙa ganye yana jawo ciwon da ke baƙanta shi.

Albasa da karas da latas ba ruwansu da wannan jira, tun Maris suna shiga ƙasa. Abokin gabarsu dodon koɗi ne marar ƙwanso. Fita da tocila bayan isha ka tsince su.

Maƙwabta da hukuma

Kada ka tara ciyawa da rassa ka cinna wuta kamar yadda ake sharar gona a gida. Doka ta hana, tarar tana iya kai Yuro 750. Kai su wurin tara shara da ake kira déchetterie, ko ka tara su su ruɓe su zama taki. Injin yankan ciyawa ma yana da sa'o'insa, a wurare da yawa ƙarfe 10 zuwa 12 na rana kaɗai ranar Lahadi. Je ofishin magajin gari ka tambayi na garinku.

Kaska

Ɗumi yana tayar da kaska a doguwar ciyawa da bakin daji, kuma kaskar Faransa tana iya ɗauke da wata cuta mai suna Lyme. Cusa ƙafar wando cikin safa, in ka dawo ka duba hamata da bayan gwiwa da kan yara. In ta kama ka, kada ka shafa mata mai ko ka matse ta, yin haka yana sa ta amayar da cutar cikin jiki. Kantin magani na sayar da ɗan ƙugiyar roba: zura shi ƙarƙashinta, ka murza a hankali har ta saki, ka goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Rubuta ranar. In cikin kwana 30 ka ga jan tabo yana faɗaɗa, je wurin likita ko da ba ya ƙaiƙayi.

Aikin gida: kana so ka dasa tumatir ranar 15 ga Mayu, renonsa kuma mako 8 ne. Ƙirga baya a kalanda, ka rubuta ranar shuka a littafinka.