Yadda za ka gano inda in'inarka take tsananta da inda take sassautawa

Ni tela ne, shagona yana Mabera a Sakkwato, kuma Inna ta ce tun ina shekara 4 nake in'ina. In na ja baƙi a zaure bayan Asuba, Tabaraka za ta fita daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe ko ɗaya. Amma in na tsai da mai kabu-kabu zan ce ya kai ni Gawon Nama, sai "ga" ɗin nan ta tokare mini maƙogwaro kamar ƙayar kifi, har ya gaji ya ja babur ɗinsa. Wani kawuna ya daɗe yana cewa da gangan nake yi. "Yaron da ka karatu hakanga, shi am mai in'ina?"

Ba da gangan ba ne. Haka halin in'ina yake, tana hawa tana sauka gwargwadon wuri, da wanda ake magana da shi, da salon maganar. Wanda ya san taswirar tasa ya rage rabin wahala. Ga yadda na yi tawa.

Ka sami ƙaramin littafi, irin wanda muke rubuta awon kaya a ciki. Mako biyu, kowane dare ka rubuta magana uku ko huɗu da ka yi a ranar: da wa, a ina, mutum nawa ke saurare, ana gaggawa ko a'a, ka sami barci daren jiya ko ba ka samu ba. Ka ba kowace maki daga 1 (in'ina kaɗan) zuwa 5 (mai tsanani). Ka kuma rubuta irin in'inar, don iri uku ce. Akwai maimaitawa, "ba-ba-babbar riga". Akwai jan sauti, "sssshadda". Sai maƙalewa, wadda baki ke buɗe amma ba abin da ke fita, ita ce ta fi cin rai.

Da na duba nawa littafin, maki 5 ya taru a wurare kaɗan. Na farko sunana. Da "b" yake farawa, kuma duk wanda ya ce "mi as sunanka?" ya kama ni hannu dumu-dumu, domin suna ba shi da madadi. Kowace kalma kana iya zagaye ta, ban da sunanka, da lambar wayarka, da kuɗin ɗinki. Na biyu waya. Wanda ke gabanka yana ganin kana kokawa da kalma, zai jira. Wanda ke waya shiru kawai yake ji, sai ya ce "halo, halo, ba sabis" ya kashe. Na uku gaban manya, inda "ranka shi daɗe" kanta kan gagare ni. Na huɗu satin jajibirin sallah, lokacin da ba barci, zafi ya haura digiri 40 in sallar ta faɗo a bazara, mutum biyar na tsaye a kanka kowa na neman kayansa.

Maki 1 kuwa: in ina magana ni kaɗai da keken ɗinki, in ina yi wa ragon gida faɗa, in ina wasa da jinjiri, in ina rera ƙasida, da kuma karatu tare da jama'a. Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan. Yaron da ba ya iya gaida malam ba tare da ya maƙale ba, da an haɗa baki ana biya karatu sai ka ji muryarsa ta fi ta kowa.

A nan ya kamata ka daɗe kana tunani, don nan amfanin yake. Me karatun Alƙur'ani yake da shi wanda maganar kasuwa ba ta da shi? Kalmomin a shirye suke, ba sai ka nemo su ba. Akwai madda, ana jan wasali, murya ba ta yankewa tsakanin kalma da kalma. Akwai waƙafi, an riga an nuna maka inda za ka tsaya ka yi numfashi. Sannan ba wanda zai katse ka. Masana sun gano cewa in'ina tana da alaƙa da yadda ƙwaƙwalwa ke daidaita lokacin motsin harshe da leɓe da murya, shi ya sa duk abin da ya ba magana kari daga waje yake sassauta ta: waƙa, haɗa baki da wani, magana bisa bugun wani abu. Raɗa ma takan sassauta ta. Ni da kaina in ina taka keke ina hira da yaran shago, bugun takawar yakan ɗauke ni.

Sai dai ba za ka rera wa mai albasa waƙa a Kasuwar Kara ba, dariya za a yi maka. Abin yi shi ne ka ari kaɗan daga can ka kawo nan. Ka ɗan ja wasalin farko na maganarka, ba kamar madda mai tsawo ba, ɗan kaɗan. Haruffan da ake haɗa leɓe ko danna harshe, irin su b, d, g, k, ka taɓa su sama-sama, kada ka matse. Ka yanka magana gajeru-gajeru, kalma uku ko huɗu, ka tsaya. Kuma kada ka cika ƙirji da iska kafin kalma mai wuya, ƙara ƙullewa take yi. Sarkin Ingila Joji na 6 mai in'ina ne, kuma a jawabin da ya yi ta rediyo ranar 3 ga Satumba 1939, mai horar da shi, Lionel Logue ɗan Ostareliya, yana tare da shi a ɗakin, takardar jawabin kuma an yi mata alamun inda zai dakata. Da na ji wannan na ce ashe waƙafi ne suka yi masa.

In kana da jawabin da za ka karanta, ka biya shi da ƙarfi sau biyar a jere kafin lokacin. Tun shekarun 1930 masu bincike a Amurka suka lura cewa in'ina tana raguwa sosai a karatu na biyar in an kwatanta da na farko. Amma sauƙin na ɗan lokaci ne, kuma na wannan rubutun ne kaɗai.

Yanzu ka jera wuraren littafinka kamar matakala, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ni na fara da saƙon murya a WhatsApp zuwa ga ƙanena, da sharaɗin ba zan goge ba ko ya ya fito. Bayan mako guda na koma kiransa. Daga nan tambayar farashi a babbar kasuwa wurin wanda ban sani ba. Kada ka tsallake mataki don ka ji yau bakinka ya saki, gobe tana iya dawowa ba dalili.

Abin da zan hana ka shi ne sauya kalma don gudun maƙalewa. Na taɓa zuwa sayen baƙin zare, "b" ta ƙi, na ce shuɗi, na dawo shago da abin da ba na buƙata. Kowace kalma da ka guda, tsoronta ƙaruwa yake. Ya fi ka faɗa tun farko, musamman a waya: "Alhaji, ina da in'ina, in ka ji shiru ina nan." Tun da na fara faɗin haka ba a cika kashe mini waya ba, kuma abin mamaki maƙalewar kanta takan ragu.

Iyaye kuma, yawanci tana farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5. Kusan yara 5 cikin 100 sukan yi ta, mafi yawansu ta bar su, sai kusan mutum 1 cikin 100 take bi har girma, maza sun fi mata wajen ninki huɗu. Takan bi jini. In yaronku ya yi magana sumul da kakarsa amma ya maƙale gaban babansa, ba iskanci ba ne, kada a dake shi. Kada a ƙarasa masa magana, kada a ce "yi a hankali", ku dai ku rage saurin taku maganar. In ta wuce wata shida, ko yana runtse ido yana buga ƙafa, ku je asibitin koyarwa ku tambayi inda ake ganin mai gyaran magana.

Matakin da nake kai a yanzu shi ne kiran dilan shadda na Kantin Kwari a Kano, inda dole in faɗi sunana, da yadi nawa, da lambar asusu, duk a kira ɗaya. Kafin in danna nakan karanta addu'ar Annabi Musa ta cikin Suratu Ɗaha, wadda ya roƙi a warware masa ƙullin harshensa. Kiran Talatar da ta wuce maki 4 na ba shi. Na Alhamis ya sami 2, kuma shaddar ta iso yadi 30 cif.