Darasi na 9: Injin taya numfashi da yoyon iska

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitin Shika wataƙila ya ga an ɗaura wa wani takunkumin roba a fuska, ga tiyo ya taso daga wani ɗan akwati sai huci yake. Da yawa cewa suke ai oksijin ne, to ba shi ba ne, ko da yake ana haɗa su. Wannan inji iska yake turawa da ƙarfi ta hanci ko baki ba sai an zura tiyo a maƙogwaro ba, mutum idonsa biyu.

Akwai irin injin da ake kira CPAP. Shi ƙarfi ɗaya yake riƙewa, ka shaƙa ka fitar duk ɗaya, don kar hanyar iska ta rufe. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da shi a 1981 don masu minshari da numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci. Ana saita shi tsakanin 4 zuwa 20, awon kuma santimita na ruwa ake ce masa.

Sai BiPAP mai lamba biyu, kamar zugazugin maƙera, ka ja numfashi ya ƙara ƙarfi, ka sauke ya sassauta, misali 10 da 5. An fi sa wa wanda huhunsa ya gaji ya kasa fitar da gurɓatacciyar iska. In ka ga harafin S a gilashin da ke jikin akwatin, injin jiran mara lafiya yake ya fara ja. T kuwa da agogonsa yake tafiya. S/T zai jira, in ya ji shiru ya yi yawa sai ya hura da kansa.

To ga inda masu jinya ke ɓata abu da kyakkyawar niyya. A jikin takunkumin akwai wasu ƙananan huji da iska ke fita fuuu, Hajiya sai ta ji a hannunta ta ce ai ya fashe, ta nemo salatif. Don Allah kar a toshe! Da gangan aka yi su, ta nan iskar da mutum ya fitar take ficewa, in an liƙe ita zai ta mayarwa ciki.

Yoyon da ba a so shi ne na gefe, wajen karan hanci ko kumatu ko ƙasan haɓa, ko mai takunkumin hanci ya saki baki cikin barci. Masu gemu da saje kam sai haƙuri, roba ba ta kama gashi sosai. In yoyo ya yi yawa injin rikicewa yake, bai san yaushe Baba ya ja ba yaushe ya sauke, sai ka ga yana hurawa Baba na ƙoƙarin fitarwa suna ta kokawa, ido ya yi ja, baki ya bushe, ƙararrawa na ta kuka.

Yadda mai faci ke laluben tayar mashin haka za ka zagaya da bayan hannunka a gefen takunkumin. Sannan ka duba gilashi ka nemi haruffa huɗu, L E A K, wato yoyo, lambar da ke kusa litar iskar da ke yoyo ce a minti ɗaya. Injinan kamfanin ResMed in ta haura 24 sun ɗauka yoyo ya yi yawa, wasu kamfanonin lissafinsu daban, a tambayi nas.

Kuma ba a maganin yoyo da tamke maɗauri, gyambo kawai zai yi a karan hanci. Ɗaga takunkumin kaɗan ka sake zaunar da shi, yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashin maɗaurin. In amai ya taso, ko an ɗauke wuta babu batir, a cire shi nan take a kira ma'aikata. Lambobin saiti kuwa na likita ne, ba rediyo ba ne da za a riƙa murɗawa.

Aikin gida: kowa ya rubuta 10, 5 da 24 a littafinsa, ya zo gobe ya faɗa mana wacce ce ta ja, wacce ta saukewa, wacce ta yoyo.